Yarona ya rubuto in ba shi "space": korata ya yi ko me?

Mai Fotokopi, Harobanda

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman taimakon waɗanda Allah ya hore wa Ingilishi a cikinku. Ku yi haƙuri da tsawon maganata, abin ya kwana uku yana cina a rai, kuma a unguwa ban sami wanda zan buɗe wa cikina ba.

Ni mutumin Adar ne, amma shekarata 19 a Yamai. Ina da ɗan shago a Harobanda, in an ƙetaro Gadar Kennedy, ba nisa da Jami'ar Abdou Moumouni. Kwamfuta biyu ne da injin fotokopi ɗaya, muna buga wa ɗalibai memuwar, wato kundin kammala karatu, da takardun neman aiki. Karatuna na lakwal bai wuce kwalej ba. Faransanci ina jinsa daidai gwargwado, da shi nake cin abinci. Ingilishi kuwa sai bara na soma zuwa darasin dare, Talata da Asabar, saboda takardun Ingilishi sun fara yawa a hannun yara, kuma ba na son in riƙa buga abin da ban san ma'anarsa ba.

Kalmar da ta kawo ni ita ce "space". Na ɗauka na san ta. Malaminmu na dare ya ce da ita ake kiran dogon maɓallin nan na ƙasan allon kwamfuta, wanda babban yatsana ke bugawa wuni guda don raba kalma da kalma, wato abin da muka saba ce wa "espace". Daga baya salulata ta ƙi karɓar bidiyon sunan jikan yayana, ta rubuto "not enough space", na gane cikinta ne ya cika. Wata ɗaliba kuma ta kawo takardar neman tallafin karatu, a ƙasanta akwai ɗan akwati da aka rubuta "do not write in this space", shi ma na gane, kada a yi rubutu a gurbin nan. Duk waɗannan ba su dame ni ba.

Abin da ya dame ni saƙon babban yarona ne. Yana Kumasi, shekararsa ta biyu, yana koyon aikin awon jini. Ran Litinin da dare na kira shi sau huɗu bai ɗauka ba. Can wajen ƙarfe sha ɗaya sai ga saƙo, layi biyu, da Ingilishi, shi da bai taɓa rubuto mini komai ba sai da Hausa ko Faransanci: "Baba, please give me some space. I will call you on Friday." Rabi na biyu na gane, zai kira ni ran Juma'a. Rabin farko na kai wa maƙwabcina mai gyaran salula, wanda ya yi shekaru a Legas. Ya duba, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce: "Cewa ya yi ka ba shi wuri."

Wallahi sai da na nemi kujera na zauna. Kun san wanda ake ce wa "ba ni wuri" a ƙasar Hausa: yaron da ya ishe ka da ƙiriniya, ko wanda kuka yi cacar baki kana son ya ɓace maka da gani. Ni ko a mafarki ban taɓa faɗa wa mahaifina, Allah ya ji ƙansa, maganar da ta yi kusa da wannan ba. Yaron nan filina na Tawa na sayar don ya tafi karatun nan.

Ba zan ɓoye muku nawa ɓangaren ba. Akwai maganar aure tsakaninsa da ɗiyar ƙanwata. Mijin ƙanwar tawa ya matsa a tsai da rana kafin azumi, ni kuma sai na juya na matsa wa yaron. Kwana goma a jere ina kiransa safe da yamma, wani lokaci har da tsakar rana, maganar ɗaya ce. Ya gaya mini suna cikin jarrabawa, na ce masa sa rana ba ya hana jarrabawa.

Uwarsa ba ta sani ba, ban nuna mata ba. Ni ma ban sake kiransa ba. Yau Alhamis, gobe in ya kira ban san da wace murya zan amsa ba. Ku gaya mini tsakani da Allah, ba don ku kwantar mini da hankali ba: korata ya yi, ko kuwa kalmar tana da wata fuska da ban sani ba?

Mushen Ingilishi, Tawa

Wa alaikumus salam Malam. Shekarata 22 ina koyar da Ingilishi a lise, wato babbar sakandare, nan Tawa, kuma tun da ka ce tsakani da Allah, to ga amsa: ba korarka ya yi ba. Maƙwabcinka ya ɗauki kalmomin ne ɗaya bayan ɗaya ya musanya kowace da ta Hausa. Kowace kalma ta yi daidai, amma da suka haɗu sai suka haifi wata magana daban. Da yaron kora yake nufi, Ingilishi na da "go away", kuma mai korar mutum ba ya gaya masa ranar da zai kira shi. Da ni za a ba saƙon in mai da shi Hausa, abin da zan rubuta shi ne: "Baba, don Allah a ɗan sarara mini, zan kira ran Juma'a."

Dubi kalmarmu ta sarari. Muna cewa gidan wane yana da sarari, wato faɗin tsakar gida. Amma in na ce maka "in na sami sarari zan zo gaishe ka", ai ba fili nake jira ba, lokaci nake jira da sakewar rai. In aka ce wane ya sami sarari bana, to aljihunsa ne ya ɗan yi nauyi. Kalmar da ta dame ka haka take, kuma tun asalinta.

Ba ƴar gida ba ce a Ingilishi, aro ce. Daga tsohon Faransanci ta shigo, "espace" ɗin nan da ka sani, ita kuma daga Latin, "spatium". A 1066 mutanen Normandi na arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a shekaru aru-aru, dubban kalmomi suka shiga Ingilishi ta wannan ƙofa. Wannan ta bayyana a rubuce wajen shekara ta 1300, kuma tun a lokacin ana auna tsawon lokaci da ita kamar yadda ake auna faɗin wuri. Har gobe ana cewa "in the space of two days", wato cikin kwana biyu, kamar dai "en l'espace de deux jours". Saboda haka yaron da ya nemi "space" ya kuma ambaci Juma'a, kwanakin da ke tsakanin Litinin da Juma'a yake roƙo.

Ka lura kuma da ƴar kalmar da ke gabanta, "some". In aka sa mata "a" a gaba, gurbi ɗaya ake nufi wanda za a iya ƙirgawa, kamar wurin aje mota guda. In babu "a", sarari ne da ba a ƙirgawa, kamar ruwa ko iska. Shi "some" ya rubuta, wato kaɗan, ɗan abin da zai numfasa.

Tun da kana darasin dare, bari in ƙara maka dabarar da nake ba ɗalibaina. Kalmomi da yawa da Faransanci ya sa wa "e" a goshi, Ingilishi ya bar su da "s": "espace" da "space", "estomac" da "stomach", "éponge" da "sponge", "école" da "school", wadda mu muka mayar lakwal. Duka ta Latin suka biyo. Amma kamar da ke tsakaninsu ita ce kuma ke kai yara ƙasa. Kowace shekara sai na gyara wa ɗalibai "there is no place" in suna son su ce mota ta cika, don a kansu "il n'y a pas de place" ke yawo. Mai Ingilishi "no space" zai ce, ko "no room". A ɗaya gefen kuma, abin da Faransanci ke kira "espace Schengen", wato yankin ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, Ingilishi "Schengen Area" yake cewa. Filin ƙwallo, filin jirgi, filin da ka sayar, filin gaishe-gaishe na rediyo, duk fili ne a wurinmu, mu nan Adar ma hili muke cewa, amma babu ɗaya a ciki da Ingilishi zai kira da kalmar nan.

Abin da nake jin daɗinsa, ban kuma gajiya da faɗa a aji, shi ne a wannan fage Hausa ta fi rarrabewa. Inda suka tara abubuwa da yawa a kalma ɗaya, mu muna da sarari, muna da gurbi na abin da aka tanada ko aka cire, muna da tazara da rata na abin da ke tsakanin abu biyu. Har a baki mun raba wushirya da giɓi. Tun da kundin tafiyar da mulki da aka ƙaddamar a Nijar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, irin tuntuɓen da ka yi tsakanin harsuna uku zai riƙa samun mutane da yawa. Gobe ka ɗauki wayarka da murya mai sanyi, Malam.

Mai Fotokopi, Harobanda

Mushe, Allah ya saka da alheri, ya ƙara sani. Sau uku na karanta. "A ɗan sarara mini" da "ba ni wuri" nisansu ya kai nisan Yamai da Agadas. Na sami cin abincin rana yau, abin da ban yi ba tun Talata. Saura abu ɗaya da bai sauka daga ƙirjina ba. Me ya sa da Ingilishi? Ya san darasina bai yi nisa ba. Yaron da ya tashi a gabana, wanda na koya wa gaisuwa da bakina, me ya hana shi faɗa mini da Hausa?

Tsohon Ɗan Kumasi, Katako

Ƙanena, sannu da haƙuri. Na yi shekara 14 ina fataucin katako tsakanin Kumasi da Yamai, ta Paga da Fada N'Gurma, Ingilishina na tasha ne ba na lakwal ba, amma kalmar nan na ji ta har ta gundure ni. A tashar Kejetia yaron mota zai leƙo ya ce maka "no space", alhali in ka tsaya ka roƙa sai ya juya ya ce wa na ciki su gusa kaɗan, sai ga wuri ya samu. A nan ma'anarta ba ta wuce "babu masaka tsinke" ba.

Ɗaya ma'anar kuwa wani Bature ne ya koya mini ita ba da baki ba. Muna ciniki a wani wurin yankan katako, ni ina matsowa kusa da shi kamar yadda muke yi in magana ta yi daɗi, har ina dafa masa kafaɗa. Duk takun da na yi gaba sai ya yi ɗaya baya, har bayansa ya taɓa motarsa. Na ɗauka ƙyamata yake yi, raina ya ɓaci, na kusa fasa cinikin. Tafintanmu ne ya ja ni gefe ya ce ba haka ba ne, su a wurinsu kowane mutum yana da ɗan sarari kewaye da jikinsa, kamar tsawon hannu, wanda baƙo ba ya shiga. Har suna gare shi, "personal space". Da na tsaya inda nake, sai ga shi ya saki jiki, muka gama lafiya.

Don haka na yarda da Mushe, ba zagi ba ne. Amma ni ban sallami yaron gaba ɗaya ba. Kalmar ba ta da laifi, hanyar ce ba tamu ba. Mutanen da suka ƙago maganar nan, yaro tun yana ƙarami yake da ɗakinsa shi kaɗai, ana ƙwanƙwasa masa ƙofa. Mu kuwa goma muke kewaye ƙwarya ɗaya. A wurinmu in tura ta kai bango tsakanin ɗa da uba, ɗan ba ya sa wa uba rana. Kawunsa yake nema, ko gwaggonsa, ko aminin uban, ya ce a je a ba Baba haƙuri a ce masa a ɗan dakata. Yaronka yana da kawunnai, yana da uwa. In ya kira gobe kada ka yi masa faɗa, amma ka nuna masa wannan hanyar, don wata rana surukinsa zai rubuta wa irin wannan, shi kuwa ba zai zo nan ya yi tambaya ba.

Kai ma kuma, ƙanena, kira uku a wuni ga mai jarrabawa ya yi yawa. Na faɗa maka ne a matsayin yaya.

Ungozoma, Talladje

Baba, ina wuninku. Alhaji Ɗan Kumasi, da girmanku, ina da ɗan abin da zan ƙara a kan tambayar da Baba ya yi ta biyu, don ina jin na san amsarta daga wurin aikina.

Kunya ce. Kullum ina gani a ɗakin awo. Mace za ta zo tana ta bayani da Hausa ko Zabarmanci, da ta iso kan abin da ke da nauyin faɗa sai ta sunkuyar da kai ta jefo kalmar Faransanci guda, ko da ita kaɗai ta sani a harshen. Baƙon harshe ba ya ƙona baki kamar na uwa. Ni kaina lokacin da nake Akara ina koyon Ingilishi, innata ta matsa mini a kan wata magana, na rubuta saƙo da Hausa ya fi sau biyar ina gogewa, ko ta yaya na juya shi sai ya fito kamar rashin kunya. A ƙarshe da Faransanci na aika wa ƙanwata ta karanta mata. Ina ganin yaronku ya nemi yadda zai ce muku "a dakata" da Hausa bai samu ba, sai ya ɓuya a bayan Ingilishi. Wanda ya raina ubansa ba ya shan wannan wahalar.

Kalmar nan a aikinmu ma tana nan, da ɗan canji a wutsiya, "spacing". Ita ce tazarar haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mace ta jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani cikin. Maza da yawa da sun ji maganar sai su ɗauka cewa aka yi a daina haihuwa, su tashi da fushi. Abin da nake yi sai in tambayi maigidan yadda yake shuka hatsi. Zai ce taki guda tsakanin rami da rami, wajen mita ɗaya. In ce masa me ya sa ba ka cusa su wuri ɗaya, ga iri da yawa a ƙwarya? Daga nan yawanci sai ya yi murmushi ya zauna mu yi magana.

Amma Baba, akwai abin da nake son ku riƙe, ko da zai yi ɗaci. Tsakanin ɗa da uba maganar nan roƙon numfashi ce. Tsakanin saurayi da budurwa kuwa, in ɗaya ya ce yana son "space", sau da yawa zuciya ce ta fara ja da baya. Saƙon ku aka aiko wa, ba ita ba, amma maganar da kuke kiransa a kanta ta aure ce. A cikin duk abin da kuka rubuta na ga abin da mijin ƙanwarku ke so, na ga abin da kuke so, ban ga inda aka tambayi yaron ko yarinyar ba. Wataƙila jarrabawar ce kawai. Wataƙila kuma akwai abin da ke bayanta. In ya kira, bayan gaisuwa, ku tambaye shi sau ɗaya, sannan ku yi shiru ku bar shi ya gama ko da zai daɗe. Ku gafarce ni in na shige gona da iri.

Ɗalibin Fizik, Saga

Baba, ina jin na san shagonku, a wurinku na buga rahoton aji biyu. Maganar gida manya sun yi ta, ni ba zan sa baki ba. Ma'ana ɗaya ce na ga ba a taɓa ba, kuma ita ce ta fannina.

In aka faɗi kalmar ita kaɗai ba tare da komai ba, kamar a ce wane ya tafi "space", to can sama ake nufi, inda iska ta ƙare. Iyakar da aka fi amfani da ita kilomita 100 ce daga doron ƙasa, ana ce mata layin Karman. Ku duba fa, Yamai zuwa Doso wajen kilomita 140 ne. Da mota na iya hawa sama a miƙe, da mai zuwa can ya riga mai zuwa Doso isa. Tarayyar Sobiyet ce ta fara harba tauraron ɗan adam, Sputnik, ran 4 ga Oktoba 1957, sannan Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya je can ran 12 ga Afrilu 1961, ya kewaya duniya sau ɗaya, tafiyar duka minti 108. Tashar ƙasa da ƙasa da ƴan sama jannati ke zaune a ciki tana wajen kilomita 400 a sama, kusan nisan Yamai zuwa Birnin Ƙonni, tana kewaya duniya duk bayan kimanin minti 90. 

A nan Hausar rediyo ce ke haɗa abu biyu. Lokacin da aka rufe sararin samaniyar Nijar ran 6 ga Agusta 2023, aka sake buɗe wa jiragen fasinja ran 4 ga Satumba, wannan "airspace" ne, hanyar jirage, wadda kowace ƙasa ke da iko da tata. Inda Gagarin ya je kuwa ba na kowa ba ne. Mu duka biyun sararin samaniya muke ce musu.

Sai abin da ya shafi shago, don na taɓa rasa maki a kansa. A Faransanci ana barin gurbi kafin alamar tambaya, da alamar motsin rai, da ɗigo biyu, da waƙafi mai ɗigo. A Ingilishi ba a bari, alamar manne take da kalma. Lambobi ma haka: Faransanci na raba dubbai da gurbi, 10 000, Ingilishi da waƙafi, 10,000. Mai Faransanci in ya ga 10,000 zai iya karanta shi goma kawai, tun da a wurinsa waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushi. A takardar kuɗi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Salularku kuma, ku shiga WhatsApp ku goge tsoffin bidiyo na rukunoni, yawanci su ne ke cinye wurin.

Mai Fotokopi, Harobanda

Ƴan uwa, na dawo in ba ku labari kamar yadda ya kamata. Ya kira yau, ƙarfe biyar namu, huɗu nasu. Ina cikin buga wa wata yarinya shafi, na ce ta yi haƙuri, na fita bayan shago gindin bedi.

Mun yi gaisuwa mai tsawo, shi yana jin tsoro ni ina jin tsoro. Ya tambayi uwarsa, ya tambayi ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi injin fotokopi ko an gyara. Sannan muryarsa ta karye ya ce in yafe masa. Ya ce daren Litinin ɗin yana da jarrabawa biyu washegari, ya ga kirana na huɗu, ya rubuta da Hausa ya goge, ya sake ya goge. Ɗiyata Ungozoma, kamar kina ɗakin. Kusan kalmominki ya maimaita.

Na yi abin da kika ce. Na tambaye shi sau ɗaya: kana son yarinyar nan? Na yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na duba salula ko layi ya yanke. Sai ya ce ba ƙin ta yake yi ba, tare suka tashi, amma tun da ya tafi Kumasi ba su taɓa yin magana su biyu a kan auren ba, kullum ta bakin manya yake ji. Yana son a bar shi ya ƙare shekarar da ta rage, ya zo hutu su zauna da ita, ya ji ta bakinta. Ya ce yana tsoron ita ma matsa mata ake yi. Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba, ita kuwa a hannuna aka yi mata huɗuba.

Yaya Alhaji, saƙonka ma na isar. Na ce masa nan gaba in abu ya yi masa nauyi ya nemi kawunsa na Ƙonni, ya ce in sha Allah. Ni kuma na yi masa alkawarin kira ɗaya a sati, ran Juma'a, har ya gama.

Da daddare na nuna wa uwarsa saƙon, na karanta mata fassarar Mushe. Ta ce ita tun sati biyu da suka wuce ta ji a muryarsa. Na yanki tikitin motar asuba, gobe zan tafi Tawa in zauna da mijin ƙanwata. Mutum ne mai zafi, ya riga ya gaya wa danginsa kafin azumi ne, ban san yadda zai karɓi maganar ba. Ku sa ni a addu'a.

Ɗana Ɗalibin Fizik, da na koma shago na buɗe taƙaitawar Ingilishi ta memuwar ɗin yarinyar da na bari tana jira, na tarar duk ɗigo biyun da na buga na bar musu gurbi a gaba irin na Faransanci. Na cire su ɗaya bayan ɗaya kafin in fitar mata. Amma malaminta ya rubuta da jan biro a gefen shafin farko, "double space". Sau biyu zan riƙa buga dogon maɓallin tsakanin kalmomi, ko tazarar da ke tsakanin layi da layi yake son a ninka? Ran Litinin za ta zo karɓa, ni kuma sai Lahadi da dare zan dawo.